Gashin da Na Binne a Gidan Muhandis

Ku 'ya'yana da jikokina, na san abin da kuka ji. Tun kuna ƙanana ake raɗa muku cewa uwarku ta yi aiki a gidan Amurkawa a unguwar Ruwais, aka kore ta saboda hannunta ya taɓa abin da ba nata ba. A cikinku babu wanda ya taɓa tambayata, kunya ce ko tsoro ban sani ba, ni ma ban taɓa buɗe baki ba. Yanzu idona ya fara gajiya, kuma ina kallon abin da ke tsakanin ɗana Umar da 'yarsa Safiya: wata huɗu ke nan ba ya amsa gaisuwarta, saboda ta rage gashinta zuwa wuya ta kama aiki a filin jirgi. Shi ya sa na ce halas, ya isa haka, gara in rubuta. Gaskiya ne na ɗauki abu a gidan nan, kuma gaskiya ne an kore ni. Amma ba zinari na ɗauka ba kamar yadda matan unguwa suka yaɗa, gashin mutum na ɗauka.

Shekarar da babanku ya faɗi a tashar jiragen ruwa ne, bayansa ya taɓu, ya kwanta kusan wata goma. Kai Umar lokacin kana rarrafe. Ni sana'ata kitso da lalle, a nan unguwar Bani Malik ta Jidda, amma biki ba kullum ake yi ba, ciki kuwa kullum sai ya ci. Wata maƙwabciya ta ce ana neman mace mai haƙuri da za ta kula da wata tsohuwa. Inna, mahaifiyata, tana zaune tare da mu, ita ta ce in je, za ta riƙe yara. Inna tana 'yar shekara tara ta baro ƙasar Hausa a bayan babanta, a ƙasa, har suka tsallako teku, kuma har ta rasu ba ta yarda ta zubar da ko al'ada ɗaya da ta zo da ita ba.

Maigidan Ba'amurke ne, injiniya, kowa Muhandis yake ce masa, wato injiniya da Larabci. Dogo ne mai jan wuya, ba shi da mata, ba shi da yawan magana. Tsohuwar uwarsa ce, sunanta Marta, ni Sitti nake ce mata, yadda ake kiran kaka a nan. Ta haura tamanin. Mijinta ya yi shekaru yana aiki a gabashin ƙasar nan, don haka tana da Larabci, karyayye dai, namiji ta mai da shi mace, mace ta mai da ita namiji, amma muna fahimtar juna sarai. Sunana Zulai ya gagare ta, sai Zuli. Aikina in yi mata wanka, in ba ta magani, in taje mata kai. Gashinta fari fat, gajere, bai wuce kunne ba, kuma kowane wata sai ta sa an rage. Nakan tsokane ta.

"Haba Sitti, ki bar shi ya yi tsawo mana, in yarfa miki shuku, Muhandis ya kasa gane ki."

"Zuli, wannan kan ya sha yaƙi," in ji ta. "Bar shi ya huta."

A wajen tazar nan take ba ni labarin ƙasarsu. Ni wallahi a zatona Amurkawa da mota aka haife su. Ashe ita a gona ta tashi, gonar masara da shanu, fitilar kananzir suke kunnawa, ruwa a rijiya, zuwa gari a keken doki. Ta ce ran Lahadi babanta ba ya yarda a yi ko dariya mai ƙarfi a gidan. Sai kuma abubuwa suka fara zuwa a jere, tana budurwa. Mota ta fara ratsa hanyar ƙauyensu tana firgita dawaki. Yayyenta maza biyu suka ajiye garma suka tafi birni aikin masana'anta, suna dawowa da takalma masu sheƙi, suna maganar silima da lantarki. Bayan babban yaƙi 'yan mata ma suka bi sahu. Siket ya rage tsawo, mata suka fara jefa ƙuri'a, akwatin rediyo ya shigo falo yana kiɗan da tsofaffi suka ce na shaiɗan ne. Ta ce abin da ya fi ba ta mamaki, yaro ya daina tambayar ubansa yadda ake rayuwa, domin uban ma bai sani ba. Ni kuwa ina jin ta ina tuna jakunan da ke kawo mana ruwa a garwa muna yara, da yadda na wayi gari na ga titi da benaye a inda muke wasa, sai in ce mata, Sitti, ai wannan labarin Jidda kike ba ni.

Wajen tsakiyar zafi jikinta ya fara sauyawa. Ba ta barci sosai, abinci sai an lallaɓa, wani lokaci ta saka tabarau a ido tana neman tabarau. Tana kuma yawan kiran mamarta. Wata safiya tana wanka da kanta, ina gyara durowar gefen gado, can ƙarshe bayan safa na ci karo da wani tsohon gwangwanin biskit. Ban da niyyar buɗewa, murfin ne ya zame. A ciki akwai ƙyalle mai gida-gida, ja da fari, ya koɗe. Na warware, sai ga gashi, kalaba ɗaya mai kauri, tsawonta ya kai kamu ɗaya da rabi, launin jan ƙasa, an ɗaure bakinta da zare. Ni mai kitso ce, na san dokar gashi tun kafin in san dokar salla. Ko wanda ya maƙale a mataji ba a barin sa a fili, dunƙule shi ake yi a ba mai shi a hannunta, ko a binne. Ga kuma gashin wata a naɗe, a ɓoye dab da kan marar lafiya.

Da na koma gida na gaya wa Inna. Ta ajiye carbi.

"Na wa ne?"

"Ban sani ba, Inna. Nata dai fari ne, gajere."

"Kuma kika ce ba ta barci, tana kiran matattu?"

"Haka ne."

"To me kike jira? Baiwar Allah tana cin gishirinki kina cin nata. Ko wa ya ajiye mata, ba alheri ya nufa ba. Ki ɗauke ki binne, ki yi bismilla, kada ki faɗa wa kowa."

Ban tambayi Sitti ba. Wannan shi ne laifina, kuma ba na ɗora wa Inna. Na ga kamar in na tambaya zan tsorata ta. Washegari da azahar, tana hutawa, na ɗauki gashin da ƙyallensa, na haƙa rami da cokalin miya a gindin darbejiyar da ke bayan kicin, na binne, na mayar da gwangwanin wurinsa babu komai a ciki. Har wani daɗi na ji a raina, na ce na yi aikin lada.

Kwana biyar babu abin da ya faru. Rana ta shida na iso da safe na tarar da ɗakin a hargitse, katifa a ƙasa, kaya a warwatse, Sitti a zaune a tsakiya da gwangwani a cinya. Muhandis yana tsaye a kanta da kayan aiki a jikinsa. Suna Turanci ban ji ba, amma na ga tana nuna tsawon abu da hannu biyu, shi kuma yana girgiza kai. Ya juyo gare ni da Larabci.

"Zulai, kin taɓa ganin wani gashi a gidan nan?"

Na ce a'a. Bakina ne ya riga ni, kuma magana da ta fita ta fita.

"Na sani," in ji shi. "Shekara hamsin ina ɗanta, ban taɓa ganin wani gashi ba. Gwangwanin banza ne. Kanta ne ya fara tafiya."

Daga ranar komai ya bi ta kan wannan magana. Ya kai ta wurin likita, likita ya tambaye ta, ta ce an ɗauke mata gashi, shi kuma ya duba kanta ya ga gashi. Duk lokacin da ta sake tayar da zancen, sai Muhandis ya ƙara tabbata. Bayan mako biyu ya kira ni kicin ya ce ƙarshen wata zai mayar da ita ƙasarsu, akwai gidan tsofaffi mai kyau da ake kula da masu irin wannan ciwo, ni kuma zai ba ni takardar shaida in samu wani gidan. Na tambaye shi wa take da shi a can. Ya ce babu kowa, amma akwai ma'aikata. Ban taɓa jin an kai uwa wani gida an ajiye ta wurin ma'aikata ba, sai ranar.

Ita ta sani. Ta daina nema, ta daina gardama. Ran nan ina taje mata kai ta kama hannuna ta sauke shi.

"Zuli, ke ma kina ganin na haukace?"

"A'a, Sitti."

"To zauna. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko mijina. Gara wani ya sani kafin a kai ni inda ba mai jin yarena, ko da Turancin ne."

Ta ce tana da shekara sha tara ta bar gona ta tafi birni, ta samu aiki a ofishin waya. 'Yan mata ne a jere a gaban allo, da ƙarfen sauraro a ka, mai kira ya kira, su cire igiya nan su soka can. Gashinta har kugu, mamarta ce ke kitse mata shi kowace safiya tun tana ƙarama. A birni babu mai yi mata, ƙarfen yana kama shi, ga dukan abokan aikinta sun yanke nasu. Wata Asabar ta shiga shagon wanzamin maza, don lokacin masu gyaran kan mata ba su yarda su yi wannan aika-aika ba, ta ce ya yanke. Ta ce da ta fito iska ta taɓa ƙeyarta, ta ji kamar za ta tashi sama. Ta naɗe kalabar ta kai gida da bikinsu na ƙarshen shekara, a zatonta za a yi faɗa a gama. Babanta ya dube ta a bakin ƙofa, ya ce littafinsu ya ce gashi darajar mace ne, wadda ta zubar da darajarta ba za ta zauna a teburinsa ba. Mamarta tana bayansa, hannunta duk garin alkama, ba ta ce uffan ba. Sitti ta ajiye ƙunshin a kan dakali ta juya.

"Shekara goma sha biyu," in ji ta. "Na rubuta wasiƙa, ana dawo mini da ita a rufe. Na ce to, ita ma ta yafe ni. Da ta mutu ba a gaya mini ba sai bayan an binne. Sai ƙanwata ta aiko mini da gwangwanin nan. A ƙarƙashin katifar Mama ta same shi, a gefen da take kwanciya. Mama ta naɗe gashin da zanen da take ɗaurawa in za ta yi girki. Zuli, shekara goma sha biyu tana kwana a kan gashina, mijinta na gefe bai sani ba."

Sannan ta ce:

"Shi kaɗai ne shaidata cewa ba ta yar da ni ba. Yanzu ɗana ya ce babu shi, bai taɓa kasancewa ba. Wani lokaci sai in ce ko gaskiyarsa ne. Mu ne muka fara barin iyaye, Zuli. Ba zan yi kuka don nawa ya ajiye ni ba."

Ban san yadda na gama aikin ranar ba. A motar haya zuwa gida kuka na yi ta yi a cikin mayafi, har wata Bamisriya ta tambaye ni wa ya rasu. Na zauna na faɗa wa babanku da Inna komai. Babanku yana kwance a tabarma, ya ɗago da ƙyar.

"Ki rufe bakinki, Zulai. Uwarsa ce, shi ya san abin da zai yi da ita. In kin faɗa, takardar shaidar ma kin rasa. In ya kai ki wurin 'yan sanda fa? Iƙamarmu, takardar zaman ƙasar nan, a hannunmu take da za mu yi wasa da ita? Ki dubi yaran nan."

Ban ga laifinsa ba, gaskiya ya faɗa. Na juya wurin Inna. Ku ba ku sani ba, ita ma mahaifiyarta a gida aka baro ta, da ciki, aka ce in an yi Hajji za a koma, ba a koma ba. Sai ta ce:

"A ƙarƙashin katifa kika ce?"

"E, Inna."

"Da ina da ko zare ɗaya daga zanen uwata, wanda ya taɓa shi sai na ci naman jikinsa. Ni na ce ki binne. Je ki tone."

Da safe na tarar da Muhandis yana shan gahawa, takardun tafiya a gabansa. Na tsaya a bakin ƙofa na ce masa na yi ƙarya, akwai gashin, ni na ɗauka. Bai gane ba sai da na maimaita. Na ce ya biyo ni. Ya biyo ni har gindin darbejiya, Sitti na biye da sandarta. Na durƙusa na haƙa da hannuna. Mai lambu yana ba wurin ruwa kullum, ƙasar ta jiƙe. Ƙyallen ya yi baƙi, gefe ɗaya ya ruɓe ya rabu a hannuna, wannan kam na cuce ta, ba ya dawowa. Amma gashin yana nan, ya yi tabo, kitson ya saki.

Muhandis ya tsaya yana kallon sa. Wuyansa ya ƙara ja. Ya tambaye ni dalili, na yi ƙoƙarin bayani, na ga bai shiga kansa ba ko kaɗan, kuma yaya za a yi ya shiga? Sai ya juya wurin uwarsa, ƙaton mutum, ya durƙusa a cikin taɓo da wandon aikinsa, ya kifa kansa a hannunta yana magana ƙasa-ƙasa. Ita kuwa ko kallon sa ba ta yi ba, gashin take kallo.

"Ba ni," in ji ta. Da na miƙa mata sai ta ce, "Zuli, ke jaka ce." Kuma ta fashe da dariya, hawaye na zuba.

Muhandis ya ce in tattara kayana kafin azahar. Bai kira 'yan sanda ba, bai kuma ba ni takarda ba. Ya ce ba zai iya barin uwarsa da wadda ta dube shi ido cikin ido ta yi masa ƙarya mako uku ba. Na ce tayyib, na yarda, da gaskiyarka. Na roƙi abu ɗaya, a bar ni in gyara abin da na ɓata. Na wanke gashin da ruwan ɗumi sau uku, na shanya a inuwa, na shafa masa man zaitun kaɗan, na taje. Gashin da ba ya kan mutum ba ya kitsuwa sai wani ya riƙe, don haka Sitti ta riƙe bakinsa da yatsunta biyu, ni ina tufkewa. Da na ja sai ta ce haka mamarta take ja, har sai ido ya yi ruwa. Ragowar ƙyallen ma na wanke, ta naɗe da shi haka nan. Da zan fita ta ce, "Ma'assalama, Zuli," kamar gobe zan dawo. Ban sake ganin ta ba. Amma maƙwabciyar da ta sama mini aikin ta gaya mini an fasa tafiyar. Sitti ta ƙara shekara biyu a gidan ɗanta, a ɗakinta ta rasu, yana riƙe da hannunta.

Mu kuwa mun sha wuya a shekarar. Babanku ya yi wata biyu ba ya yi mini magana sai ta dole. Labari ya iso unguwa cewa an kore ni a kan ɗauke-ɗauke, kafin ya zagaya unguwar Sharafiyya ya dawo ya zama sarƙar zinari. Za ku ce me ya hana ni faɗin gaskiya. To ku yi tunani. Mai kitso ce ni. In aka ji na ɗauki gashin mutum a ɓoye na binne a gindin bishiya, wace mace ce za ta sake ɗora kanta a cinyata? Ɓarauniya ana kiran ta kitso, a dai ɓoye 'yan kunne. Wadda ake zargi da asiri ko ƙofar gida ba ta tsallakawa. Na zaɓi sunan da zai bar ni in ciyar da ku, na ɗauke shi shekara arba'in, kuma ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Ranar da aka hana ni shiga ɗakin amarya a bikin 'yar aminiyata, a banɗaki na yi kukana na wanke fuska na fito na ci gaba da lalle.

Umar, da kai nake yanzu. Ran da Safiya ta yanke gashinta, nan wurina ta fara zuwa kafin ta je gida. Ta zo da shi a leda, ta ce, "Sitti, na kasa zubarwa, kuma ina tsoron Baba." Ni na yi mata kitson farko a duniya, na san kowane sili. Ban ji daɗi ba, na gaya mata ban ji daɗi ba, har na zage ta. Sannan na karɓa. Yana cikin gwangwanin alewa a durowata, na naɗe shi da tsohon ɗankwalina, ban binne ba. Mahaifin Sitti Marta ya mutu bai sake ganin fuskar 'yarsa ba, matarsa kuma ta mutu tana ɓoye masa abin da ke ƙarƙashin katifarsu. Ni ba zan ɓoye maka ba, ga shi na rubuta.

Ranar Juma'a Safiya za ta ɗauko ni daga asibitin ido da motarta, za mu ci abinci a nan bayan an sauko daga masallaci. Na ce a auna shinkafar da kai.